Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Bankin Najeriya da masu tsara manhajojin tura kuɗi ta waya

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani abu da ba kasafai yake fitowa a jawabanku ba, wato fuskar wayar da talaka yake kallo a lokacin da zai tura kuɗinsa. Ni mai koyar da amfani da kwamfuta da waya ne a Kano, kuma sana'ar ta sa nakan zauna gefen mutum ina bin yatsansa da ido, ina ganin inda yake tsayawa, da inda yake ja da baya, da inda yake miƙo mini wayar ya ce in ƙarasa masa. Wurin da ake tsayawa kusan guda ne ga kowa. Wannan ya sa na ga ya dace in yi magana da ku, domin ku ne kuke ba da lasisi, ku ne kuma kuke gina waɗannan abubuwa.

Tun lokacin da aka sauya fasalin takardun naira, kuɗin hannu ya yi ƙaranci a farkon 2023, mutanen da ba su taɓa niyyar tura kuɗi ta waya ba suka shiga harkar ala tilas. Mai shayi ya shiga, mai kayan miya ta shiga, dillalin awaki ya shiga. Da yawa daga cikinsu mutane ne da suka shekara talatin suna juya dukiya a kasuwa, suna riƙe da lissafin bashin mutum ashirin a ka, ba a taɓa cutarsu ko sisin kwabo ba. Idan irin wannan mutum ya kasa tura dubu biyar ta waya, bai kamata a ce masa ya je ya waye ba. Kamata ya yi a koma a duba abin da aka ɗora masa a hannu.

Wannan magana ba son zuciyata ba ce. Akwai fannin ilimi guda sukutum da ake kira hulɗar mutum da na'ura, kuma tushensa ma daga irin wannan ɗora wa mutum laifi ya fito. A lokacin yaƙin duniya na biyu, matuƙa jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa yin wani kuskure mai ban mamaki: jirgi ya sauka lafiya, sai matuƙi ya naɗe tayoyinsa, jirgin ya zube a kan cikinsa. Rahotanni suka riƙa cewa sakacin matuƙi ne. Wani matashin masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya shiga mazaunin matuƙin ya duba, sai ya tarar madannin naɗe tayoyi da madannin sarrafa fiffike iri ɗaya ne sak, kuma suna jere da juna. Mutumin da ya gaji bayan doguwar tafiya, idonsa yana kan hanyar sauka, hannunsa ba shi da yadda zai bambance su. Aka liƙa wa ɗaya 'yar ƙaramar taya ta roba, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda tafin hannu zai gane kowanne ba sai an duba ba. Wannan kuskuren ya kau. A 1947 kuma Paul Fitts da abokin aikinsa suka tattara labaran kuskure 460 daga bakin matuƙa, suka nuna cewa da yawansu tsarin madannai ne ya haifar da su. Matuƙan nan fa zaɓaɓɓu ne, masu ilimi da horo. To ina ga dattijon da aka ba waya mai rubutun Turanci, aka ce ya yi sauri kafin lokaci ya ƙare?

Binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki an yi shi ne a Indiya. Wata mai bincike, Indrani Medhi, tare da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore, sun shafe shekaru suna zama da masu aikatau da 'yan ƙwadago waɗanda ba su iya karatu ba. A wani gwaji da suka wallafa a 2009, sun ba mutane aiki guda, wato tura kuɗi ta waya, amma ta hanyoyi uku. Da aka ba su tsarin rubutu zalla, irin wanda muke da shi a nan, babu ko mutum ɗaya da ya kai ƙarshe. Da aka ba su tsarin da waya take magana da mutum da harshensa yana amsawa, kusan kashi uku cikin huɗu suka kammala. Da aka haɗa zane da murya, duk suka kammala, ko da yake sun fi ɗaukar lokaci. Mutanen nan ba a kai su makaranta tsakanin gwajin farko da na uku ba. Fuskar kawai aka canza. Daga baya waɗannan masu bincike sun sake gano cewa jerin zaɓi mai rassa, irin wanda za a ce latsa 3, a ciki kuma latsa 2, a cikin wannan ma latsa 4, yana ɓatar da wanda bai yi boko mai zurfi ba, ko da an cire rubutun an sa hotuna. Dogon jeri guda miƙaƙƙe ya fi masa sauƙi. Ku duba lambobin tauraro, wato USSD da ake latsawa da alamar *, da bankunanmu suke amfani da su, za ku ga kusan duk a kan rassan nan aka gina su.

Ranku ya daɗe, abin da ya fi damuna shi ne Babban Banki ya riga ya san wannan ilimin, domin yana aiki da shi a kan takardar kuɗi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba ta rikita ɗari biyu da ɗari biyar. Ta san launi, ta san fuskar Sardauna, ta san ashirin mai hoton Murtala, ta san dubu mai mutum biyu. Almajirin da ya yi karatun allo yana karanta adadin da ajami a jikin manyan takardu. A kan ƙananan takardun da aka sake bugawa a 2007 an rubuta adadin da Hausa da Yarabanci da Ibo. Wato an shirya takardar ta yadda za a gane ta ta hanyoyi da dama lokaci guda, idan ɗaya ta kuɓuce wa mutum wata ta riƙe shi. Da kuɗin nan ya koma cikin waya, duk wannan hikima sai aka bar ta a baya. Abin da ya rage wa mutum shi ne lambobi ƙanana, baƙi a kan fari.

Su kansu lambobin akwai tarko a cikinsu. Bambancin 5000 da 50000 sifiri ɗaya ne, kuma fuskoki da yawa ba sa sa waƙafi a lokacin da mutum yake bugawa. Wanda ya saba ƙirga kuɗi da hannu da baki, ba da alƙalami ba, bai saba auna girman kuɗi da tsawon sifirai ba. A kasuwannin hatsi da na dabbobi har yau akwai masu yin ciniki da jaka, jaka biyar ita ce dubu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma da dala suke ƙirga sefa, biyar-biyar, har abin da yake rubuce a takarda ya sha bamban da abin da baki yake faɗa. Mutum yana fassara kuɗi a kansa kafin ya buga shi, kuma a wajen wannan fassarar ake yin ɓari. Me zai hana kafin a nemi lambar sirri, waya ta faɗa da murya, "Za ka tura naira dubu hamsin," ta kuma nuna hoton bandir ko na takardun da suka kai wannan adadi? Wanda ya yi nufin dubu biyar, da ya ji "hamsin" zai zabura.

Lambar asusu ma haka take. Tsarin lambar asusu na bai-ɗaya, wato NUBAN, ya mayar da ita lambobi goma, BVN goma sha ɗaya, NIN goma sha ɗaya. Tun 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma rarraba abu gungu-gungu yana taimaka mata. Masu buga katin waya sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke raba lambobin kati. Mu ma idan za mu faɗi lambar waya, a gutsure muke faɗinta. Amma lambar asusu sai a jero ta a dunƙule a cikin ɗan akwati, mutum yana kallon takarda yana kallon waya yana ƙirgawa da farce. Na yaba da tsarin da yake fito da sunan mai asusu kafin a tura, ya ceci dukiya mai yawa. Sai dai wanda ba ya karanta boko bai amfana da shi ba, tunda ba a furta sunan. Ko mai karatun ma, a ƙasar da Muhammad Sani da Sani Muhammad suka cika kowace unguwa, suna kaɗai bai isa shaida ba. A Kenya, inda hidimar tura kuɗi ta waya mai suna M-Pesa take aiki tun 2007, sun ƙara wani mataki a 2015 mai suna Hakikisha, wanda yake nuna sunan wanda za a tura wa ya kuma ba mutum 'yan sakan ya soke. Dama ce ƙarama, amma an gina ta a kan yarda cewa ɗan Adam yana kuskure, kuma ya cancanci ƙofar komawa.

Sai maganar lokaci. Mafi yawan mutanen karkara da ƙaramar waya mai madannai suke aiki, don haka lambobin tauraro su ne bankinsu. Na san wannan hanya tana da iyaka, saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 182, kuma layin ba ya daɗewa a buɗe. Amma ku dubi wanda iyakar take cutarwa. Mai saurin karatu ya wuce cikin ƙiftawar ido. Mai haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ko mai raunin gani da yake nisanta wayar yana kusanto ta, kafin ya gama karanta zaɓi na huɗu an rufe. Ya sake daga farko. Tun 2021 da aka sa naira 6.98 a kan wannan hidima, jinkirin karatu ya zama abin da yake iya jawo wa mutum asara. Idan ba za a iya tsawaita lokacin ba, ana iya rage matakan, ana iya sa abin da aka fi nema a sahun farko, ana kuma iya sa tsarin ya tuna inda mutum ya tsaya ya ci gaba da shi daga nan.

Babu inda raina yake ɓaci kamar wajen saƙon da yake fitowa idan abu ya ƙi. Na'urar mai POS ta fitar da 'yar takarda an rubuta "Issuer or switch inoperative". Wannan magana ce tsakanin injiniya da injiniya. Mutumin da yake tsaye, wanda ya bar mara lafiya a gadon asibiti ya fito neman kuɗin magani, tambaya ɗaya ce a ransa: kuɗina sun fita ko ba su fita ba? Saƙon bai amsa ba. Mai POS bai sani ba. Sai a sake gwadawa, sai alat biyu su shigo daga baya, sai rigima ta tashi tsakanin mutum biyu da babu mai laifi a cikinsu. Na ga maƙwabtan da suka daina gaisawa saboda irin wannan. A 2020 Babban Banki ya sa ƙa'idar mayar da kuɗin da suka maƙale, sa'a 48 idan a na'urar cire kuɗi ta wani banki ce, sa'a 72 idan ta POS ce. Ƙa'ida ce mai kyau, amma wa ya san da ita a bakin kasuwa? Wurin da ya kamata a rubuta ta shi ne a jikin wannan 'yar takardar, da harshen da mai kuɗin yake ji: an cire kuɗinka amma ba su isa ba, za su dawo kafin rana kaza, ga lambar da za ka nuna idan ba su dawo ba. Cikin ƙa'idoji goma na tsara fuska da wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya fitar a 1994, ta farko ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, wata kuma ta ce saƙon kuskure ya zo da harshe mai sauƙi, ya faɗi matsalar, ya nuna mafita. Sama da shekara talatin ke nan da wannan magana.

Kullum kuna aiko mana da gargaɗi cewa kada mu ba kowa lambar sirrinmu. Gaskiya ne. Amma ku tsaya a bakin kowace na'urar cire kuɗi ranar da aka yi albashi ko aka biya fansho, ku ga yawan dattawan da suke miƙa kati ga yaron da ba su sani ba, suna raɗa masa lambar a kunne. Ku shiga gidajen da mace take aiken ɗanta ko ƙaninta da kati wajen mai POS. Ba don ba su ji gargaɗin ba ne. Fuskar ce ba ta ba su wata hanya ba. Nithya Sambasivan da abokan aikinta sun yi nazarin wannan ɗabi'a a unguwannin talakawan Bangalore a 2010, suka nuna cewa amfani da na'ura ta hannun wani mutum tsari ne da ya kafu a tsakanin marasa ƙarfi, kuma dole mai tsara na'ura ya yi lissafi da shi. Manhajojinmu kuwa an gina su a kan zaton mutum ɗaya, waya ɗaya, sirri ɗaya. Tunda mun san akwai ɗan aike a tsakani, sai a kare mai kuɗin daga ɗan aiken. A sa na'urar POS ta furta adadin da ƙarfi kafin a danna lambar sirri, yadda ba za a ce wa tsoho dubu goma a buga dubu ashirin ba. A ba mutum damar ware wa ɗan aikensa wata lamba ta daban mai iyakar kuɗi. A Indiya tun 2019 kamfanin Paytm ya fito da 'yar akwatin magana da ake ajiyewa a kan teburin mai shago, da zarar kuɗi sun shigo sai ta faɗi adadin da harshen yankin. Ku yi tunanin yadda wannan zai rage cutar alat na bogi a Kantin Kwari ko a Singa.

Na san wasu bankunan sun sa Hausa a na'urorinsu, kuma na gode musu. Sai dai wata Hausar idan ka karanta, ka san ba a gwada ta a kan Bahaushe ba. An ɗauko jimlar Turanci an sa mata kalmomin ƙamus, har mutum ya gwammace ya koma Turancin da bai iya ba, domin aƙalla ya haddace inda ake latsawa. Fassarar fuska aiki ne na gwaji: a rubuta, a kai wa mai sayar da ƙosai ta saurara, a tambaye ta me ta fahimta za a yi da kuɗinta, a dawo a gyara. Murya kuwa mutanenmu sun riga sun zaɓe ta da kansu. Duk wanda yake da WhatsApp a Arewa ya san saƙon murya ya fi rubutu yawo nesa ba kusa ba.

Ga kuma makafi da masu raunin gani. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar shiga gine-gine da samun hidima. Yau manhaja ita ce ƙofar banki. Idan madanninta ba su da sunan da manhajar da take karanta wa makaho fuskar waya za ta furta, an rufe wa makaho ƙofa ke nan, an tilasta masa tona asirin aljihunsa ga ɗan jagora. Ƙa'idojin gyara wannan suna nan a rubuce, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fara fitar da su tun 1999.

Za a ce mini duk wannan kuɗi ne. Wani ɓangaren kuɗi ne, amma mafi muhimmancinsa ba shi da tsada. Nielsen da Thomas Landauer sun nuna tun 1993 cewa idan aka zaunar da mutum biyar kacal aka kalli yadda suke amfani da fuska, za a gano mafi yawan matsalolinta. Sharaɗin shi ne mutum biyar ɗin su kasance irin waɗanda za su yi amfani da abin da gaske. Idan ma'aikatan ofis a Legas suka gwada wa junansu manhaja a kan manyan wayoyi, cikin sanyin na'ura da intanet mai ƙarfi, za su ga komai lafiya. Ku kai ta Dawanau da tsakar rana, inda hasken rana yake cinye rubutu, hannu yana da ƙurar hatsi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, mai saye yana tsaye yana jira. Ku kai ta Maigatari ko Illela ranar kasuwa. Ku tura mata masu bincike su shiga cikin gida wajen matan da namiji ba zai iya zama da su ba, domin su ne aka fi bari a baya. Mai gwajin ya kame bakinsa, kada ya taimaka, ya rubuta inda aka tsaya.

Tun 2012 Babban Banki yake da manufar shigar da jama'a cikin tsarin hada-hadar kuɗi. Binciken da ƙungiyar EFInA mai nazarin hada-hadar kuɗi ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manya har yanzu suna waje, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa rabi. Dalilan suna da yawa, akwai talauci, akwai nisa, akwai rashin tsaro. Amma ina roƙon ku lura da abin da alƙaluman ba sa nunawa. Wanda aka buɗe wa asusu amma ba ya iya duba abin da yake ciki sai ya nemi wani, an ƙirga shi cikin waɗanda suka shiga, alhali ikon dukiyarsa yana hannun wani.

Don haka roƙona ga Babban Banki shi ne, kamar yadda ba kwa barin manhaja ta fito sai an tabbatar da tsaronta daga ɓarayin intanet, haka kada ku bar ta ta fito sai an gwada ta a kan mutanen da ba su yi boko ba, da tsofaffi, da makafi, a kowane yanki da harshensa. A auna abu mai sauƙi: cikin waɗanda aka ba aikin tura kuɗi, nawa ne suka gama ba tare da taimako ba, nawa ne suka tura adadin da ba shi suka nufa ba. A wallafa sakamakon kowane banki yadda jama'a za su gani. Sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ya tsara saƙonnin kuskure guda-guda da harsunanmu, ya wajabta wa kowa amfani da su, domin kada kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa.

Masu yin aikin kuma ba sai an ɗauko su daga waje ba. Jami'ar Bayero tana da masana kwamfuta, tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda iyayensu su ne mutanen da nake magana a kansu. Masu binciken wannan fanni na Afirka sun fara taronsu na AfriCHI a Nairobi tun 2016, kuma ya kamata a riƙa jin sakamakon bincike daga kasuwanninmu a irin wannan zama. Ku ware wani abu daga kuɗin da ake kashewa a tallan wayar da kai, ku ba waɗannan sassa su kafa ɗakunan gwaji, ku buɗe musu bayanan matakin da mutane suka fi yankewa a kai, ba tare da sunan kowa ba. Mu da muke koyarwa a ƙananan cibiyoyi a shirye muke mu haɗa ku da mutanen da za a gwada da su, mu kuma zauna a yi aikin tare.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke amanar da take wuyanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin koyar da kwamfuta, daga Kano